Medayin kakanka: karanta shi tukuna, kafin ka yi taƙama da shi ko ka jefar



Makon jiya rigima ta tashi a gurup ɗin WhatsApp na gidanmu, a kan mutumin da ya fi shekara goma sha biyar a kabari. Wani ƙanena ne ya ɗauko tsohon hoton kakanmu, yana tsaye cikin babbar riga da medayi uku jere a ƙirji, ya ɗora a Facebook, ya rubuta wai ga gwarzon da ya yaƙi Hitila ya ceci Faransa. Kafin magariba ɗan baffanmu da ke karatu a Yamai ya mayar masa: wai abin kunya ne a wannan zamani mutum ya riƙa tallar ƙarafan ƴan mulkin mallaka, a zuba su a shara a huta. Gida ya rabu biyu, har wata gwaggo ta fita daga gurup ɗin.

Ni tambaya ɗaya na yi musu su biyun. Na ce medayin farko ɗin nan, mai ƙyalle shuɗi da ja, na mene ne? A wane yaƙi ake ba da shi? Shiru kake ji. Mai taƙama bai sani ba, mai tsinuwa ma bai sani ba. Ni kaina da na yi tambayar, wallahi a lokacin ban sani ba, ga ni da digiri. Mutumin nan shi ya goye ni, amaryarsa yake ce mini, ina wasa da ƙarafan nan tun ban iya magana ba, amma ban taɓa tunanin rubutu ne a jikinsu ba.

To rubutu ne. Ƙyallen da medayi yake rataye a jiki, launinsa da ratsinsa, shi ke faɗin wane yaƙi, wace ƙasa, wane irin aiki. Sojan Faransa da ya san abin zai kalli ƙirjin tsoho daga nesa ya gaya maka inda ya je. Mu jikoki mun gaji ƙarfen, ba mu gaji karatunsa ba.

Na tafi gida Damagaram, na roƙi Kaka ta fito mini da gwangwanin. Tsohon gwangwanin biskit ne a ƙasan adakarta, cikin tsumma. Ta ce, "Kishiya, yau kuma gadon mijina kika zo ci?" Ta dai ba ni. A ciki akwai medayi huɗu, ba uku ba, da ɗan littafinsa na soja wanda gara ta ci gefensa, da katinsa na ansiyan kwambatan.

Ga abin da na koya, don na san gidaje da yawa daga Ƙonni zuwa Gure akwai irin wannan gwangwani. Medayin da aka fi sani sunansa Croix de guerre: ƙarfe ne mai fiffike huɗu, da takuba biyu a gicciye. Ƙarfen kusan iri ɗaya ne ko da yaushe, ƙyallen ne ke bambanta. Idan tsanwa ne da siraran ratsin ja, na yaƙin 1914 zuwa 1918 ne. Idan ja ne da ratsin tsanwa, na 1939 zuwa 1945 ne, wato shi ne na yaƙin Hitila. Akwai ma wani tsanwa mai ratsin baƙi, wanda gwamnatin Vichy ta canja wa waɗanda suka yi yaƙin 1939 zuwa 1940, bayan Jamus ta ci Faransa. Amma idan ka ga shuɗi mai haske kamar sararin sama a tsakiya, da ja mai faɗi gefe da gefe, wannan shi ake kira TOE. An ƙirƙiro shi a 1921 don yaƙoƙin da Faransa ke yi a wajen ƙasarta, irin su Indoshin da Madagaska.

Na kakana shuɗi ne da ja. Ko inuwar Hitila bai gani ba.

Medayi na biyu ya ƙarasa maganar. Médaille coloniale ce, ƙyalle shuɗi mai haske da ratsin fari, kuma a jikin ƙyallen akwai ɗan ƙarfe a kwance da aka rubuta Extrême-Orient. Wannan ɗan ƙarfen shi ne adireshin yaƙin. Wani za ka ga an rubuta Madagascar, wani Koufra ko Fezzan, na waɗanda suka bi Leclerc daga Cadi suka ratsa hamada zuwa Libiya. Na uku Croix du combattant ce, shuɗi da ratsin ja da yawa, wadda duk mai katin kwambatan ke da ikon sakawa. Ita ba ta faɗin jarumtaka, tana shaida ne cewa mutum ya yi zama a rundunar da ta shiga wuta, bisa ƙa'ida aƙalla kwana 90. Wanda ya yi Aljeriya aka yaba masa kuwa, za ka gan shi da Croix de la Valeur militaire, ja da ratsin fari, wadda aka ƙirƙiro a 1956, don a lokacin Faransa ta ƙi yarda ta kira abin da ke faruwa a Aljeriya yaƙi, balle ta ba da medayin yaƙi a kansa. Ku duba yadda siyasa ke ɓuya a cikin ɗan ƙyalle.

Ƴan Maraɗi da sauran bakin iyaka, ku kula da wani abu: idan kun ga tauraro mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, wannan na Ingila ne, na yaƙin Bama. Mutanenmu da dama sun tsallaka Najeriya sun shiga sojan Ingilishi. Takardun irin wannan tsoho ba a Faransa za a neme su ba.

Yanzu ga inda maganar take. Medayi shi kaɗai ba hujja ba ne. Yawancin medayin Faransa ba a rubuta sunan mai shi a jiki, kuma ana sayar da su a kanti. Ko yau ka shiga intanet za ka samu. Ƙyalle yakan tsufa ya koɗe, a canja shi da wanda aka samu. Wani ya ara don ɗaukar hoto. Abin da ke tabbatar da shi takarda ce. Misali, a kan ƙyallen Croix de guerre akwai ɗan tauraro ko ɗan reshe mai ganye, kuma kowane ɗaya yana nufin yabo guda da aka rubuta, mai lamba da kwanan wata da sa hannun wani babban hafsa. Tauraron tagulla yabo ne daga rejima ko birged, na azurfa daga dibiziyo, mai ruwan zinariya daga rundunar da ta fi wannan girma, reshen kuma daga can ƙoli. In akwai tauraro a ƙyalle, dole akwai rubutu a wani wuri da ke faɗin abin da mutumin ya aikata a rana kaza, a wuri kaza.

Na buɗe ɗan littafin. An rubuta an haife shi "vers 1930", wato wajajen 1930, kamar yadda aka rubuta wa kusan duk iyayenmu. Ya shiga soja a Zinder a 1950. Jirgin ruwa daga Marsey, sauka a Saigon a 1951, dawowa a 1953. Ga layin yabon nan, na rejima, ya yi daidai da tauraron tagulla guda ɗaya da ke kan ƙyallen. Ƙarfe da takarda sun gaskata juna. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Amma daɗin bai daɗe ba. Indoshin, daga 1946 zuwa 1954, yaƙi ne da mutanen Biyetnam da ke neman ƴancin ƙasarsu daga hannun wanda yake mulkin tamu ƙasar. Su suka karya Faransa a Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayu 1954, faɗuwar da ta ƙarfafa gwiwar duk wanda ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Kakana yana ɗaya ɓangaren. Kuma akwai kalma biyu a littafin da suka fi yi mini ciwo: "engagé volontaire". A gidanmu kullum cewa ake kama shi aka yi da ƙarfi. Takarda ta ce da ƙafarsa ya je. Da na tambayi Kaka sai ta yi dariya ta ce, haraji ya ci ƙarfin babansa shekara biyu a jere, dogarai sun fara zarya, me kike so ya yi? To wannan "son rai" ne ko tilas? Ni dai na bar wa kowa ya auna. Abin da na sani shi ne, da ban karanta ba da ban yi tambayar ba, da Kaka ta tafi da amsar.

Ɗan baffana zai ce, ka ji ko, ai na faɗa, a zubar. Ni kuma na ce a'a, dalilin ajiyewa ne ya ƙaru. Tarihin sojan da ake kira tirayar senegale ba mai daɗin ji ba ne tun daga tushe. An kafa rundunar a 1857, kuma sunan Sanagal ya rufe kowa, Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa. Su ne hannun da Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni da shi a 1899, su suka kai wa Sarauniya hari a Lugu. Su ne kuma Jamusawa suka yi wa kisan gilla a Chasselay a watan Yuni 1940 don baƙar fatarsu, su suka sauka a gaɓar Provence a Agusta 1944 suka shiga Toulon. Duk runduna ɗaya ce. Sojojin da suka kafa rundunar ƙasarmu bayan 1960 daga cikinta suka fito. Seyni Kunce kansa ya yi Indoshin da Aljeriya da kakin Faransa. Wanda ya zubar da medayin bai goge wannan tarihin ba, shaidarsa kawai ya zubar. Kuma wanda ake bi bashi ba abin da yake so irin mai bin bashi ya yaga takardar da hannunsa.

Don bashi ne, ba wasa ba. A ƙarshen Disamba 1959, ana gab da ba mu ƴanci, majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci. Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da kakanka fanshonsa na hawa kowace shekara, na kakanka yana tsaye inda aka bar shi. Sai da wani tsohon sarjan ɗan Sanagal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gwamnati ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. A 2007 aka daidaita wani ɓangare, bayan fim ɗin Indigènes ya tayar da ƙura. A watan Mayu 2010 kotun tsarin mulki ta ce bambancin ya saɓa doka, aka buɗe sauran daga Janairu 2011, amma wani sashe sai wanda ya rubuta ya nema. Ku yi tunani: tsoho ɗan shekara tamanin a ƙauyen Mirya ko Madawa, bai iya faransanci ba, littafinsa gara ta ci, wa zai rubuta masa? Shekara hamsin aka ja ana jira su mutu, kuma yawancinsu sun mutu. Kakana na cikinsu.

Ban faɗi wannan don wani ya ɗauka akwai miliyoyi suna jiransa ba. Kuɗin katin kwambatan yana mutuwa tare da mai shi, ba a gadonsa. Fanshon ritaya na wanda ya yi dogon sarwis kuwa, matarsa kan iya samun wani kaso. Duk wanda ya zo ya ce ku ba shi medayi da littafi da jika ashirin zai fito muku da "kuɗin Faransa", ɓarawo ne. Kada asalin takarda ta bar gida. Ku ɗauke ta hoto, shafi-shafi, gaba da baya, ku yi fotokopi, ku raba wa ƴan uwa uku.

Ina sauran takardun suke? Suna Faransa, kuma nan ne abin ke ba ni haushi. Dosiyen ƙananan sojoji har da namu yana garin Pau, a cibiyar ajiye takardun ma'aikatan soja, inda kuma ake ajiye rubutattun yabon nan na taurari. Abin da ake nema sunansa "état signalétique et des services", takarda ce da ke jera rayuwar soja daga ranar shiga zuwa ranar sallama: runduna, tafiye-tafiye, rauni, yabo, horo. Ɗa ko jika na iya rubutawa ya nema, da shaidar dangantaka da ta rasuwa. Na waɗanda aka kama fursuna ko suka mutu a yaƙi suna Caen. Littattafan da kowace runduna ke rubuta abin da ya faru kullum suna Vincennes. Akwai kuma shafin intanet mai suna Mémoire des hommes, kyauta, inda aka jera sunayen waɗanda suka mutu a yaƙoƙin nan, har Indoshin da Aljeriya.

Makullin duka shi ne lambar matirkil, da shekarar ɗauka, da wurin ɗauka. Suna kaɗai ba ya kai ka ko'ina. Magatakardan bariki yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Mahamadu ya zama Mamadou, ko Mahaman, ko Maman. Sunan uba ya koma sunan gari. Wani ma da sunan wani ya tafi, don mai sarauta ya ɓoye ɗansa ya tura ɗan talaka a madadinsa.

Wannan ya kawo ni ga gargaɗi na biyu: ita ma takardar ba Alƙur'ani ba ce. Wanda ya rubuta ta yana da abin da yake karewa. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tirayar da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus, don sun nemi kuɗinsu da aka riƙe. Rahoton hukuma ya kira abin tawaye, ya ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton ya ce 70, masana tarihi irin su Armelle Mabon suka ce ɗaruruwa ne. Aka gurfanar da 34 cikin waɗanda suka tsira aka ɗaure su. Sai a Nuwamba 2024, shekara 80 bayan abin, shugaban Faransa ya yarda ya rubuta kalmar kisan kiyashi. Me ya tilasta wannan? Mutanen da suka zauna suka gwada takarda da takarda, lissafin waɗanda suka hau jirgi da na waɗanda suka sauka, suka ga ba su yi daidai ba, da ƴaƴan mamatan da suka ƙi yin shiru. Ba zagi a Facebook ne ya yi wannan aikin ba, karatu ne mai cin rai.

Shi ya sa nake ganin mun tsaya rabin hanya. Sojojin Faransa sun fita daga ƙasar nan a Disamba 2023. A Oktoba 2024 titin de Gaulle na Yamai ya koma titin Djibo Bakary. Madalla. Amma canja allon titi aikin yini ɗaya ne. Sunayen dubban ƴan ƙasar nan, da garuruwansu, da inda aka binne su, suna cikin akwatuna a Pau da Caen, mu kuma ko jerin sunayensu ba mu haɗa ba. Neman kwafin waɗannan dosiye ba roƙo ba ne, kayanmu ne. An miƙa wa Sanagal kwafin takardun Thiaroye a 2014, ko da yake masana na cewa ba su cika ba. Muna da jami'a a Damagaram mai sunan André Salifou, muna da ta Tawa mai sunan Djibo Hamani, duka biyun masana tarihi. Me zai hana ɗaliban tarihi su bi unguwa-unguwa lokacin hutu, da wayar hannu kawai, su ɗauki hoton kowane medayi da kowane littafi, su naɗi muryar tsofaffin matan da suka rage? Wannan ba ya bukatar izinin Paris. Ko ƴan fada ɗaya suka ɗauki unguwarsu, kafin shayi na uku sun gama gida biyu.

Kuma maganar ba ta jiya kaɗai ba ce. Sojojinmu 71 suka faɗi a Inates a Disamba 2019, wasu 89 a Cinagodar a Janairu 2020. Ƴaƴansu suna makarantar firamare yanzu. Nan da shekara ashirin ɗaya daga cikinsu zai buɗe nasa gwangwanin ya tambaya, babana a ina ya faɗi, me aka rubuta a kansa, wannan lambar ta mece ce? Ina fatan zai samu ofishin da zai ba shi amsa a rubuce, a nan gida, ba tare da ya san wani babba ba. Idan mun zargi Faransa da wasa da takardun kakanninmu, ya kamata mu tambayi yadda muke riƙon na ƴan uwanmu.

Saura medayi na huɗu, wanda ba ya cikin hoton. Ƙyallensa ruwan ɗorawa ne da tsanwa a gefe: Médaille militaire, babbar lambar da ake ba ƙananan sojoji tun 1852, wadda ba a ba da ita sai da dokar shugaban ƙasa. Har ɗan kuɗi ke biye da ita, Yuro 4,57 a shekara, wato kusan jika uku. A shekara fa, ba a wata ba. Na duba littafin kakana daga farko har ƙarshe, babu ita. Wannan kaɗai bai isa a ce ba tasa ba ce, don wasu sai bayan shekaru da barin soja ake ba su, littafin ya riga ya rufe. Amma me ya sa bai taɓa saka ta ba?

Kaka ta karɓa ta juya ta a hannu. Ta ce wannan ba ta Malam ba ce, ta abokinsa ce, wani mutumin wajen Gure da aka harba a ciki. A gadon likita aka maƙala masa ita, ya ba Malam ya ce ya kai wa uwarsa. Ta ce sau biyu ya je neman garin a kan raƙumi, kafin a haifi babana, aka ce masa mutanen sun tashi shekarar yunwa. Na ce mene ne sunansa? Ta ce ita dai Dogo take ji yana ce masa, wani lokaci kuma Musa.

Na rubuta wasiƙar Pau a kan kakana, na haɗa da takardar haihuwar babana da tawa. Shi kuwa Dogo, tun daren Talata nake kan Mémoire des hommes ina gwada Moussa, da Mousa, da Moussa Dogo, haihuwar Nijar, mutuwa tsakanin 1951 da 1953. Idan akwai ɗan wajen Gure a cikinku da aka taɓa ba shi labarin wani kawu ko kaka mai suna Musa, dogo, wanda ya tafi Indoshin bai dawo ba, don Allah ya yi mini magana ta inbox. Ajiyarsu tana wurin Kaka.